A Zana Sito da Filin Atisaye Kafin a Haƙa Harsashin Tashar Kashe Gobara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu ja hankalin masu shirin gina sabuwar tashar kashe gobara. Da zarar kuɗi ya gaza, sito da filin atisaye ake fara sokewa daga zane, kuma wannan kuskure ne babba.

Garejin motoci ba shi da wuyar tsarawa. Ƙofa ta kai kamar mita 4.3 a faɗi da tsayi, a yi ta gaba da baya domin mota ta shiga ta nan ta fita ta can, ba sai direba ya yi ribas ba. Daɓen ya zama kankare mai kauri, ya ɗan gangara zuwa magudana, domin motar tana ɗauke da ruwa, kuma lita 1,000 ta ruwa tan guda ce, ban da nauyin motar.

Sito ne abin damuwarmu. Inda ba a tanade shi ba, sai ka tarar an rataye rigunan shiga wuta a jikin bangon gareji, suna shan hayaƙin dizal, rana na dukansu ta taga. Hasken rana yana cinye ƙarfin yadin a hankali, ido ba ya gani, sai ranar da ma'aikaci ya shiga wuta. Rigunan nan suna buƙatar ɗakinsu mai iska, marar hasken rana, kusa da wurin wanki. Injin cika tukwanen numfashi, wato tukwanen iskar da ma'aikaci ke shaƙa a cikin hayaƙi, shi ma a ware masa ɗaki, bututunsa ya riƙa jan iska daga waje, nesa da salansar motoci. In ba haka ba, guba za a ɗura wa mutum ya shaƙa. Mesar ruwa kuwa, idan aka naɗe ta da danshi, fumfuna take yi ta ruɓe, don haka a yi mata wurin shanya. Jarkokin kumfar kashe wuta a ajiye su a inuwa.

Filin atisaye ya ishi mota ta juya, a kuma shimfiɗa mesa a miƙe. A gina hasumiya mai hawa uku ko huɗu don koyon kafa tsani da sauko da mutum da igiya. A cikinta ma ana iya shanya mesa. A haɗa da famfo mai ƙarfi da ɗakin karatu.

Muna kuma roƙon a bar fili a gefen gareji don ƙarin mota nan gaba, a nuna wa 'yan kwana-kwana zanen kafin a sa hannu.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan kashe gobara