Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Birni: filayen jama'a na neman mai kula

Ranka ya daɗe, sallama da fatan alheri.

Na rubuto ne kan filayen da ke ƙarƙashin ofishinka, tun daga lambunan shaƙatawa masu gyararriyar ciyawa da furanni har zuwa fadamu da ɗan sauran kurmin da ya rage a gefen gari. Na zaɓi in yi maganar a fili ne don filayen nan na kowa da kowa ne, kuma nasan ba ni kaɗai abun ke damu ba.

Gaskiya ranka ya daɗe mun iya buɗe lambu, riƙe shi ne bamu iya ba. Ranar ƙaddamarwa an zo da ƴan jarida an dasa bishiyoyi an ɗau hoto kowa ya watse, kafin rani ya ƙare rabinsu sun bushe, don babu wanda aka ce kai ne zaka dinga ba su ruwa, alhali ƙaramar bishiya sai ta samu ban ruwa akai akai na shekara 2 zuwa 3 kafin saiwarta ta kama ƙasa sosai. Waɗanda suka tsira kuma mai yankan ciyawa ne ke ƙarasa su ba da saninsa ba, ya kawo inji ya goga a gindin, ɓawon ya ɗaye, daga nan bishiya ta fara mutuwa a tsaye a hankali. Ga masu shara suna tara busasshen ganye su cinna mai wuta, ganyen da in an baza shi kewaye da gindin bishiya zai riƙe laima ya koma taki kyauta. Wallahi ba laifin leburorin bane, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu, kuma sau da yawa tiyo ya fashe ko inji ya tsaya saboda ɗan ƙaramin abu, sai a ce babu kuɗin gyara a bajet, kuɗin sabon aiki ne kawai ake warewa tunda shi ne ke da kwangila.

Ba mu muka fara shiga wannan halin ba. Central Park da ke New York a Amurka, fili ne mai eka 843, a shekarun 1970 ya lalace sosai lokacin da birnin ya kusa tsiyacewa, ciyawa ta koma ƙura, bencina duk a karye. A 1980 aka kafa ƙungiyar Central Park Conservancy ta haɗa hannu da hukumar birnin, daga baya suka raba filin kashi 49, kowane kashi da mai lambunsa da aka sani. Kuɗinsu ba irin namu bane na yarda, amma wannan dabarar ta raba fili a damƙa wa mutum ɗaya ba ta cin komai, in bishiya ta mutu an san wa za a tambaya, in wurin ya yi kyau an san wa za a yaba. Mu kuwa a nan kowa na aiki ko'ina, shi ya sa in ka tambaya kowa sai ya ce ba ɓangarensa bane.

Sai maganar fadama da kurmi, nan ne ma abun yafi min ciwo. Wasu a ofisoshi in sun ga fili babu gini babu siminti sai su ce ai fili ne na banza, ko dai a share shi ƙarƙaf a shuka ciyawar ado, ko a yanka fuloti. Fadama aiki take yi ranka ya daɗe, ita ke shanye ruwan sama ta sake shi a hankali, ranar da aka cike ta da ƙasa aka yi gini ruwan ba fasa zuwa zai yi ba, gidajen mutane zai shiga. Birnin Curitiba a Brazil da gangan suka mai da bakin kogunansu wuraren shaƙatawa da tafkuna don su tare ambaliya, har tumaki suka sa suna cin ciyawar a madadin inji. Irin wannan wuri kulawarsa daban ce da ta lambun furanni, baya son aski duk sati, abun da yake so shine a hana zubar da bola, a cire tsirrai masu mamaye wuri suna kashe na asali, a yi ƴar hanyar ƙafa don kar a tattake ko'ina, a sa masu gadi da fitila a mashiga saboda kar ya zama maɓoyar ɓata gari, don da zarar mutane sun fara tsoron wuri to an samu hujjar sayar da shi.

Kuma cin filin jama'a ba rana ɗaya ake yinsa ba, da kes ɗin katako na wucin gadi ake farawa, sai bulo layi biyu, sai a wayi gari mutum ya fito da takarda. A 1989 gwamnatin Kenya ta so gina bene mai hawa 60 a Uhuru Park da ke Nairobi, Wangari Maathai, ƴar fafutukar kare muhalli ta ƙasar, ta tsaya kai da fata, ta sha zagi har a majalisa, amma dai ginin bai yiwu ba. Bai kamata sai an samu mai irin zuciyarta kafin fili ya tsira ba.

Dan Allah ranka ya daɗe a tura safiyo ya auna kowane fili a kafa masa alamar iyaka, a saka taswirar a intanet kowa ya gani. A bajet mai zuwa kuma a ware kuɗin ban ruwa da gyara daban da na sabbin ayyuka, sannan a ƙofar kowane lambu a kafa allo da sunan ma'aikacin da ke kula da shi da lambar ofis da za a kira in famfo ya lalace.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani mazaunin birnin nan