Wasiƙa zuwa ga ɗiyata kan kalmar short

Assalamu alaikum, Uwata. Da fatan kina lafiya, ya karatu?

Na ga saƙonki cewa malaminku ya ja jan layi ƙarƙashin "short wall" a rubutunki, kina ta ƙorafi. Ki bar ƙorafin, yana da hujja. Mu a wurinmu gajere gajere ne, ko mutum ko igiya ko katanga, shi ya sa muke cewa gajeriyar katanga mai daɗin ƙetarawa. Bature kuwa ya fi cewa "low wall". Kalmar short ya fi ajiye ta ga tsawon mutum, da tazarar hanya, da kuma lokaci. Tafiya daga gidanmu zuwa masallaci "a short walk" ce. Fabrairu, mai kwana 28 ko 29, shi ne "the shortest month". Ki lura ana cewa shorter da shortest, kada na sake jin "more short" a bakinki.

Kishiyarta ma biyu ce, inda mu dogo kaɗai muke da shi: tall ga mutum, long ga hanya da lokaci.

Wadda ta taɓa ba ni kunya ita ce shortly. Ina sabon ɗauka a aikin koyarwa, shugaban makarantarmu ya ce min "I will see you shortly." Na zaci ganin ne zai zama gajere, ba komai ba ne, sai na wuce kasuwa abina. Ashe nufinsa nan ba da jimawa ba zai neme ni! Ya aiko ɗan aike har sau biyu ba na nan. In a taƙaice kike nufi, "in short" za ki ce.

Sauran ba su da wuya. "Short of money" ƙarancin kuɗi ne, irin wanda masu shago ke cewa kuɗi sun yi shot. "Short-tempered" kuma mai gajen haƙuri, kin ga a nan mun yi canjaras da su. Ki riƙa jan wasalin kaɗan in za ki furta, don kada a ji kamar shot ta harbi kika ce.

Mamanki ta ba direba kilishi da yaji ya kawo miki. Ki kira ta in sun iso. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki