Koken Hausawan Bur Sudan Kan Guba a Kifin Teku

Zuwa ga Mai Girma Walin Jihar Bahar Maliya,
ta hannun dattawan al'ummarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, mu masunta da dillalai da mata masu suyar kifi ne muke kawo kukanmu. Roƙonmu shi ne a riƙa gwada kifin da ake saukewa a kasuwar kifi ta Sigala don gano ko akwai guba a jikinsa, kuma a faɗa wa jama'a abin da aka gani.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 garin nan ya cika ya batse, nama ya fi ƙarfin talaka, gidaje da yawa suka koma ga kifi. Tekun da muke kamunsa kuwa shi ke karɓar dattin jiragen ruwa da mai da ruwan ƙazanta. A duwatsun jihar nan masu haƙar zinariya suna wanke ta da zaiba, abin da ya rage a zube shi a ƙasa. Da madatsar ruwa ta Arba'at da ke kusa da garin nan ta ɓalle a Agustan 2024, kowa ya ga yadda ambaliya ke kwaso abin da ke kan tudu ta nufi gaɓa da shi.

Zaiba ce ta fi tayar mana da hankali. In ta shiga ruwa, ƙananan halittun da ke cikin laka, waɗanda ido ba ya gani, sukan mayar da ita wata guba mai maƙalewa a tsokar kifi. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya haɗiye ƙarami, haka take taruwa, shi ya sa manyan kifaye masu cin 'yan uwansu, irin su najil da hamur, aka fi sa wa ido. Wanki ba ya fitar da ita, suya ma haka, kuma kifin yana nan da kyansa da ɗanɗanonsa. Mai juna biyu ta ci, gubar ta ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Haka ta faru da masuntan Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956. Dalma ma tana dakushe basirar yara, kuma ba mu manta da 'yan uwanmu na Zamfara ba, inda ta kashe yara sama da 400 a 2010 a ƙauyukan masu niƙa dutsen zinariya.

Ranka ya daɗe, masana suna nan kusa, domin Jami'ar Bahar Maliya tana da tsangayar ilimin teku da kamun kifi a cikin garin nan. A ba su kayan aiki su ɗebi kifi iri-iri, na kusa da tashar jiragen ruwa da na nesa. Sakamakon a karanta shi a rediyo da masallatai, da Larabci da Bijanci (harshen ƙabilar Bija) da Hausa, ungozomomi kuma su san abin da za su gaya wa masu ciki. In akwai wurin da za a hana jefa koma, a nuna wa masuntansa wani, don yawancinmu ba mu da wata sana'a. Gwajin nan kariya ce gare mu ma, domin jita-jita ɗaya ta isa ta sa kifin kowa ya yi kwantai.

Muna kuma roƙon a hana wankin zinariya da zaiba a bakin kwaruruwan da ke gangarowa teku kafin ruwan sama na gaba. A shirye muke mu ba da kwale-kwalenmu da kifinmu kyauta ga masu gwajin.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Masunta, dillalai da masu suyar kifi na al'ummar Hausawa, Bur Sudan.