Jinin da ke fitowa a asuwaki ba ƙaramin abu ba ne

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan ciwon dasashi, wanda mutanenmu ba sa ɗauka ciwo ba ne sai haƙori ya fara girgiɗa.

Shekara da shekaru mahaifiyata tana tofar da jini duk safiya bayan asuwaki. Muka ce itacen ne ya yi tauri, sai ta rage gogewa. Ranar da haƙorinta na gaba ya fita, ta miƙo min shi a tafin hannu, fari tas, babu rami, babu tsutsar da ake yawan faɗa. Likitan haƙori ne ya nuna mana hoton muƙamuƙinta, ashe ƙashin da ke riƙe da saiwar ne ya zaizaye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda ya cinye ƙashin. Datti mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori gidan ƙwayoyin cuta ne, ciki har da wata mai suna Porphyromonas gingivalis. Jiki yana jin su sai ya turo dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini. Na farkon isowa su ne nutrofil, kullum suna kwarara ta tsakanin dasashi da haƙori, suna haɗiye ƙwayoyin cutar suna fesa musu sinadarai masu narkarwa. Aikin alheri ne, domin yaran da aka haifa da lalurar da ke hana nutrofil isa wurin, haƙoransu kan zube tun suna ƙanana. To amma idan dattin ya daskare ya zama kamar dutse, faɗan ba ya ƙarewa. Wasu fararen ƙwayoyin jinin da ake kira makrofaj su shigo, 'yan'uwansu ƙwayoyin T da na B su biyo baya, sinadaran su riƙa cin naman dasashin, har a saki wani saƙo da ake kira RANKL wanda ke tayar da ƙwayoyin da ke rushe ƙashi. Mai gadi ne ya yi ta harbi har ya rushe katangar gidan.

Shi ya sa rage gogewa da muka sa Inna ta yi ya ƙara dagula lamarin. A 1965 a ƙasar Denmak, wani likitan haƙori mai bincike, Harald Löe, ya sa masu lafiyayyen baki suka daina gogewa. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa ya washe cikin kamar mako guda. Wannan matakin yana warkewa. Ƙashi kuwa in ya tafi, da wuya ya dawo.

Inna tana da ciwon suga, wanda ke raunana aikin nutrofil, kuma babu wanda ya taɓa ce mana a duba bakinta. Masu shan taba su ma su sani, sigari kan ɓoye jinin, ciwon yana ci ta ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 fiye da mutum biliyan ɗaya ke fama da matsanancin ciwon dasashi. Don Allah Malam Edita, a gayyato likitan haƙori a shafinku na lafiya ya bayyana wa jama'a inda ake kankare daskararren dattin nan, tunda asuwaki da buroshi ba sa iya fitar da shi.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya