Na gama buga ƙwallon kwando a Amurka, an ba ni gurbin koyon aikin koci, mahaifina ya ce in dawo gida

Assalamu alaikum warahmatullah, Allah ya gafarta Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Amurka domin neman shawararka a kan wani al'amari da ya hana ni barci kusan wata biyu ke nan, kuma ina roƙon a sakaya sunana saboda mahaifina yana cikin masu bibiyar wannan fili.

Ni haifaffen Zariya ne, shekaruna 26. Na fara buga ƙwallon kwando a Samaru tun ina ɗan sakandare, a filin siminti wanda kwandonsa ba ya da raga, kuma saboda Allah ya yi mini tsawo, wani mai neman 'yan wasa ya gan ni a sansanin horo, ya nema mini gurbin karatu kyauta. Na yi shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji, sannan na koma wata jami'a da ke buga rukuni na biyu na NCAA, wato gasar wasannin jami'o'in Amurka, inda na zama kyaftin kuma na fi kowa cin maki a ƙungiyar. Burina shi ne in tafi Turai in buga wasa don kuɗi, amma a kakar wasa ta ƙarshe na yi tsalle na sauko a karkace, jijiyar gwiwata ta tsinke. An yi mini tiyata, na warke har ina iya gudu, sai dai ni da likita mun san cewa ƙafar ba za ta koma yadda take ba.

Da na kammala digiri, babban kocinmu ya ce in zauna in taya shi aiki na kaka ɗaya, yanzu kuma ya ba ni gurbin da ake ba ɗaliban digiri na biyu masu koyon aikin horarwa. Tsarin shi ne jami'a ta ɗauke mini kuɗin karatu na shekara biyu, ta riƙa ba ni ɗan alawus wanda da kyar yake biyan kuɗin haya da abinci, ni kuma in yi wa ƙungiya hidima. Kalmar koci tana da daɗin ji a gida, amma gaskiyar aikin ita ce ni ne mai buɗe ɗakin wasa kafin ƙarfe shida na safe, ni ne mai tsinto wa yara ƙwallo idan suna gwajin jifa, ni ne mai zama gaban kwamfuta har tsakar dare ina yanka bidiyon abokan karawa, kuma ni ne mai bin ɗalibai in tabbatar sun shiga aji, domin wanda makinsa na karatu ya faɗi ba a barinsa ya buga wasa. Tun daga 2021 da aka yarda 'yan wasan jami'a su karɓi kuɗin talla da sunansu, aka kuma sauƙaƙa musu sauya makaranta, aikin ya ƙara zama na lallashi, saboda yaron da ka tsawata wa yau yana iya tattara kayansa a ƙarshen kaka.

Abin da ya fi damuna ba wahalar ba ce, Malam, shakkar kaina nake yi. Wata rana ina nuna wa wani sabon ɗalibi yadda ake juya ƙafa a ƙarƙashin kwando, abin da ni nake yi ba tare da tunani ba. Ya gwada sau biyar yana ɗaga ƙafar da ya kamata ya kafe. Raina ya ɓaci, na fizge ƙwallon daga hannunsa, na yi juyin, na jefa ta shiga, na ce masa ka gani, haka ake yi. Yaron ya tsaya yana kallona, bai ce komai ba. Bayan an tashi babban koci ya kira ni ofishinsa, ya ce kowa ya san na iya, amma ranar wasa ba ni zan shiga fili ba, sannan ya tambaye ni ko zan iya bayyana juyin da baki, hannayena a aljihu. Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Shekara goma ina yin abu, ashe ban taɓa sanin yadda nake yinsa ba.

Tun daga ranar nake bin tarihin waɗanda suka bi wannan hanya, kuma abin da na gani bai raba mini gardama ba. Patrick Ewing ya ci wa jami'ar Georgetown kofin ƙasa a 1984 yana ɗan wasa, ya yi suna a NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, ya shafe shekaru yana mataimakin koci, amma da ya koma jami'ar tasa a matsayin babban koci a 2017 abin bai yi kyau ba, har aka yi kakar da bai ci wasa ko ɗaya a rukuninsu ba, aka sallame shi a 2023. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Dawn Staley, wadda ta fara horar da jami'ar Temple a 2000 tana kan buga wasa, ta koma South Carolina a 2008, ba ta ɗauki kofin ƙasa ba sai 2017, sannan ta ƙara a 2022 da 2024. Wadda ta fi ba ni ƙwarin gwiwa ita ce Rena Wakama, domin ba ta yi sunan waɗancan ba, daga aikin ofis da hidimar ƙungiya ta fara a kwalejin Manhattan, amma ita ce ta jagoranci D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta Najeriya, suka ci kofin Afirka a 2023, suka kuma kai matakin kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, inda babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka da ta taɓa kaiwa.

To ana cikin haka sai ga maganar gida. Mahaifina bai taɓa ƙaunar wasan nan ba, ya haƙura ne kawai saboda ya zama silar karatuna. Da na yi masa bayanin gurbin a waya, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi a saninsa an tura ni neman ilimi kuma na samu, don haka bai ga dalilin da zai sa ƙato kamata ya zauna a ƙasar mutane yana tsintar wa 'ya'yan wasu ƙwallo ba. Ya riga ya yi magana da wani amininsa a kan aikin da zan kama idan na dawo. Na kawo masa misalin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara da nemo wa ƙungiyar Orlando 'yan wasa ba tare da albashi ba, har ya zama shugaban ƙungiyar Toronto da ta ci kofin NBA a 2019. Baba ya ce mutum nawa na sani da suka bi hanyar ba su zama Masai ba. Ban sami amsa ba, kuma har yanzu ban samu ba. Ga kuma yarinyar da nake nema, iyayenta sun aiko cewa in turo magabatana kafin babbar salla, alhali alawus ɗin nan ba zai riƙe mutum biyu ba.

Malam, tambayoyina ke nan. Idan na roƙi mahaifina ya ƙara mini shekara biyu, da alƙawarin cewa ko aikin koci bai yiwu ba zan dawo da digiri na biyu a hannu, shin hakan ya shiga saɓa wa iyaye, tun da ya riga ya faɗi abin da yake so? Idan kuma bai shiga ba, wa ya dace in tura masa, ƙanensa da yake jin maganarsa ko mahaifiyata da ba na son in jefa a tsakiya? Sannan me zan gaya wa iyayen yarinyar wanda ba zai zama yaudara ba? An ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa in sa hannu a takardar, in ba haka ba a ba wani.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka,
Wani ɗan Zariya mazaunin Amurka