Waƙar da kakata ta koya mini ta zama abin kunyata

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni uwa ce mai shekara 57, tashin Funtuwa. A dandali muka koyi waƙar gaɗa da farin wata, a gidan biki kuma muna ganin iyayenmu suna kifa ƙwarya a ruwa suna amada, irin kiɗan da marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna da shi.

Watan jiya aka yi kamun 'yata ta fari. Ƙawayena suka matsa, na rera wata tsohuwar waƙa da kakata ta koya mini. A cikinta yarinya tana cewa zuma ta hana ta barci, tana jiran yayanta ya zo su yi wasa, su gama harka kafin kaka. Wallahi Hajiya, a wurinmu zuma ita ce begen wanda kake so. Yaya kuwa saurayi ne, don mace ba ta faɗar sunan mijinta, balle na wanda bai kai ko goro gidansu ba. Wasa shi ne zance a ƙofar gida, ƙanwarki na zaune a gefe. Harka kuma maganar aure ce da manya ke kammalawa kafin amfanin gona ya shigo. Kunya ce ta sa aka sakaya komai.

Ashe yaran yanzu sun mayar da kalmomin nan na batsa. Wata yarinya ta ɗauke ni a waya ta sa a TikTok, aka yi ta dariya ana cewa tsohuwa ta san harka. Uwar ango ta aiko wai ba su san irin gidan da suka nemi aure ba ke nan. 'Yata ta kira tana kuka, maigidana ya ce kada ya ƙara jin bakina a taro.

Abin da ya fi ci mini rai, kakata mace ce mai kamun kai, har ta koma ga Allah ba ta kama sunan mijinta ba. Yau an jingina mata batsa ta bakina.

Hajiya, in je in ba surukai haƙuri a kan laifin da ban yi ba, don auren 'yata ya zauna lafiya? Ko in zaunar da su in warware musu ma'anar? Jikokina kuma, in koya musu waƙoƙin nan ko in bar su su bi ni kabari?

Taki,
Wata uwa daga Funtuwa