Wasiƙa zuwa ga Sani a Yawuri

Amsterdam, Holan

Aminina Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka gaishe min da Inna da su Malam.

Saƙonka ya same ni. Ka ce ka ga bidiyon wani jirgi yana matsawa gefe kamar ƙaguwa har ya jingina da gaɓa, kana so ka sa wa naka irin wannan na'ura. Sai da na zauna da masu jiragen da muke yi wa gyara kafin in ba ka amsa.

A nan boegschroef suke ce mata. Bututu ne ake ratsa goshin jirgi da shi a ƙarƙashin ruwa, a sa ƙaramar farfela a ciki, tana tura goshin dama ko hagu. Kamfanin Vetus na nan ƙasar yana ƙera ta. Mai aiki da batir, ta bolt 12 ko 24, tana zuƙar wuta sosai, kuma in ka danne ta 'yan mintoci sai ta yi zafi ta ɗauke. In bututun bai nitse sosai ba, iska take ja maimakon ruwa. A makon jiya da hannuna na zaro leda da guntuwar igiya daga cikin wata, sun naɗe farfelar tam. To ka tuna kainuwa da ciyawar da ke kwatarku.

Wani dattijo da ya shekara talatin yana tuƙi ya ce min an yi ta ne don lungunan ruwa masu matsatsi irin na garin nan, inda jirage ke gogar juna. Kai kuwa fili gare ka, ga yaro da gora a goshi. Sannan huda jirgin katako a ƙasan ruwa, wallahi ban yarda da shi ba. Tun hatsarin jirgin ruwa na Wara a 2021 hankalina bai kwanta ba. Ka sa kuɗin nan a rigunan ruwa na fasinja da toshe jikin jirgin.

Maganar gina gida a kan ruwa da ka kawo kuwa ta fi burge ni. Akwai gidajen ruwa wajen 2,500 a Amsterdam. A unguwar Schoonschip iyali 46 ne ke zaune a kan gindi 30. Gindin kwarya ce ta kankare, ana zuba ta a tashi ɗaya don kada a bar gaɓar da ruwa zai bi. Ana saƙale gidan a turakun ƙarfe, ruwa ya hau ya hau da shi, ya sauka ya sauka da shi. Kaya masu nauyi a ƙasa ake ajiye su. Na shiga wani gida da ya ɗan karkace saboda kabad ɗin littattafai, sai da suka jera bulo a ɗaya ɓangaren.

Amma ruwansu a daidaice yake, na tafkin Kainji kuwa ka san yadda yake ja baya da nisa, ga kututturan da dam ya haɗiye tun 1968. Ka auna min inda ruwa ke kaiwa in ya cika da inda yake tsayawa in ya janye, ka turo min da hoton wurin. Zan nuna wa maigidana a wurin aiki.

Naka har kullum,
Bala